Waiwaye: Wa Ke Ciyar da Alƙalin Wasa?

Ranar Laraba 1 ga Yuni, 2011, Najeriya ta karɓi baƙuncin Ajantina a babban filin wasa na Abuja. Wasan sada zumunci ne, kuma baƙin ba su zo da manyansu ba, babu Messi a cikinsu. Kafin a cika minti 90 Najeriya ta zura ƙwallo huɗu ba ko ɗaya, Ikechukwu Uche shi kaɗai ya ci biyu. Aka ɗaga allo aka nuna ƙarin minti biyar. Minti biyar suka cika, alƙali bai busa tashi ba. Aka shiga na shida, aka shiga na bakwai. Can wajen minti na takwas sai ya busa fenareti, wai ɗan bayan Najeriya ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali hoton talabijin ya nuna a ƙafa ta buge shi. Mauro Boselli ya buga ya ci, aka tashi 4 da 1.

A daren nan babu wanda abin ya dama. Wanda ya lallasa Ajantina ina ruwansa da ƙwallo ɗaya? Waɗanda suka fara ɗaga murya su ne masu sa ido a kan kasuwar caca ta duniya, don sun ga kuɗi masu yawa sun kwararo a ƙarshen wasan, duk a kan magana ɗaya: lalle sai an ci ƙwallo ta biyar kafin a tashi.

Alƙalin wasan ba daga nesa ya zo ba. Ibrahim Chaibou ne, ɗan Jamhuriyar Nijar, ƙasar da mutanen Sabon Birni da ke gabashin Sakkwato ke shiga cin kasuwa su dawo su kwana gida. Shi ne ya busa wasan da Afirka ta Kudu ta ci Gwatamala 5 da nema a watan Mayu na 2010, ana gab da fara gasar cin kofin duniya, wasan da aka yi ta ba da fenareti a kan taɓa hannun da ba kowa ya gani ba. Shi ne kuma ya busa wasan Bahrain da wata tawaga da ta je da sunan Togo a watan Satumba na shekarar, daga baya hukumar ƙwallon Togo ta ce ba ta san su ba, ba ita ta aike su ba. A waɗannan wasanni biyu na 2010 akwai hannun wani ɗan Singafo mai suna Wilson Raj Perumal, wanda sana'arsa ke nan, shirya wasa da sayen masu busa shi. Chaibou ya sha musanta cewa ya karɓi ko sisi. Sai a watan Janairu na 2019, kusan shekara takwas bayan daren Abuja, FIFA ta yanke masa hukuncin haramcin shiga harkar ƙwallo har abada, da tarar kuɗin Suwizalan dubu 200. A lokacin ya daɗe da ajiye usur.

Na fara da wannan ne saboda maganar da ba ta rabuwa da bakin samarinmu a gidajen kallon ƙwallo na Isa da Sabon Birni, har ƙauyuka irin Tozai inda ake jan janareta don a ga wasan Turai. Da zarar ƙungiyar mutum ta sha kashi sai ka ji: "Wanga alƙali ya ci kuɗɗi, an saida wasan." Manya kan ɗauki maganar a matsayin kukan wanda aka kayar. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma yaran nan ba daga iska suka ɗauko zargin ba, sun taso ne a ƙasar da aka yi abin a idon kowa.

Wa zai manta da Bauchi a watan Yuli na 2013? Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine, suna neman gurbi ɗaya na hawa rukuni na gaba, makinsu ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka sa wasanninsu a lokaci guda. Da aka tafi hutun rabin lokaci, Feeders na gaban Akurba da 7, Police Machine na gaban Bubayaro da 6. Da aka dawo sai kowane ɓangare ya riƙa jin labarin ɗayan yana ƙarawa. Aka tashi 79 da nema a can, 67 da nema a nan. Ƙwallo 72 cikin minti 45, wato ba a cika sakan 40 ba a ci wata ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta kori 'yan wasan da jami'ansu da alƙalan da suka busa har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma. Duniya ta yi mana dariya, mu kuma muka ji kunya.

Irin wannan ba ya buƙatar bincike, makaho ma ya gani. Wanda ya fi wuyar kamawa, kuma ya fi cin zuciyar masu kallo, shi ne wanda ake yi da lallami. A nan ne ƙwallon kwando ke da abin koya mana, ko da yake ba wasan da muka saba da shi ba ne a gabashin Sakkwato. Ba kuma baƙo ba ne ɗungurungum. Tarihin Hakeem Olajuwon, wanda ya ɗauki kofin NBA, gasar kwando ta Amurka, da Houston a 1994 da 1995, ya nuna cewa gasar wasannin makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato ce ta fara shigar da shi gasar kwando yana ɗan shekara 15, kuma Kano Pillars na da ƙungiyar kwando da ta sha ɗaukar kofin ƙasa.

A ƙwallon ƙafa alƙali na iya yin rabin sa'a bai yanke hukuncin da zai juya wasa ba. A kwando kuwa kusan kowane hari akwai gogar jiki. Mutum goma ne a ɗan ƙaramin fili, manya-manya, suna ture juna ƙarƙashin kwando. Alƙalai uku ne ke raba wace turewa ce laifi, wace ce wasa. In suka busa, a kan tsayar da wasa a ba wanda aka yi wa laifi ƙwallo ya jefa babu mai tare shi. Ɗan wasan da aka rubuta wa laifi shida a NBA ya fita ke nan, ba ya dawowa. Saboda haka alƙali ba ya buƙatar ƙirƙiro abin da bai faru ba. Ya isa ya tsananta a wannan gefe ya sassauta a wancan, kuma kowace busa in ka ɗauke ta ita kaɗai za a sami hujjar kare ta.

Ranar 31 ga Mayu, 2002, Los Angeles Lakers ta karɓi Sacramento Kings a wasa na shida na neman zuwa zagayen ƙarshe. Wasa bakwai ake yi, wanda ya riga cin huɗu ya wuce. Sacramento ta ci uku, Lakers biyu, saura ƙiris ƙungiyar ƙaramin gari ta fitar da ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant, wadda ke riƙe da kofi shekara biyu a jere. Wasan NBA zango huɗu ne, kowanne minti 12. A zango na huɗu kaɗai aka ba Lakers jifan kyauta 27, aka ba Sacramento 9. Dogayen Sacramento biyu, Vlade Divac da Scot Pollard, duk aka cika musu laifi shida suka fita. Ana saura 'yan sakanni Kobe ya maki Mike Bibby da gwiwar hannu a fuska har jini ya fito, ba a busa masa ba. Lakers ta ci 106 da 102. Abin ya kai har Ralph Nader, sanannen mai kare haƙƙin masu saye a Amurka, ya rubuta wa shugaban NBA David Stern yana neman a bincika.

Mutanen Sacramento har yau ba su haƙura ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai akwai abin da ba su cika son a tuna musu ba. Wasa na bakwai a gidansu aka yi, aka ba su jifan kyauta 30 suka zubar da 14, aka ci su bayan ƙarin lokaci. Ga zalunci a fili, ga kuma kasawar kai, duka biyun gaskiya ne, kuma mai son ƙungiya ɗaya kawai yake iya gani.

Shekara biyar bayan haka abin da ake raɗe-raɗi ya fito da suna. Jami'an FBI na bin sawun wani gungun 'yan daba na New York sai suka ci karo da labarin wani alƙalin NBA da ke ba 'yan caca bayani. Tim Donaghy ne, wanda ya yi shekara 13 yana busa wasa. Ya ajiye aiki a watan Yuli na 2007, a watan Agusta ya amsa laifi a gaban kotu. Ya yarda cewa yana caca a kan wasanni, har da waɗanda shi da kansa yake busawa, yana kuma gaya wa wasu abokansa na makarantar sakandare ɓangaren da za su zuba kuɗi, suna ba shi dala dubu biyu, daga baya dubu biyar, duk lokacin da maganarsa ta tabbata. Aka ɗaure shi wata 15 a 2008.

Ya kamata a fahimci yadda cacar take, don a nan dabarar ta ɓuya. Mafi yawan kuɗin ba a kan wa zai ci ake zuba su ba, a kan tazarar maki ne, ko jimillar makin da za a ci. Ƙungiya na iya cin wasanta, magoya bayanta su tafi gida suna murna, amma an rage tazarar daga maki takwas zuwa biyar, wani can ya kwashi miliyoyi. Daidai da ƙwallon Boselli a Abuja. Wanda aka cuta bai ma san an cuce shi ba.

Donaghy ya dage cewa bai taɓa karkatar da busarsa ba, sanin halin abokan aikinsa kawai ya yi amfani da shi: wane alƙali ne ke jin haushin wane koci, wane ne ke tausaya wa taurari. Ni wannan kariyar ta fi ba ni tsoro a kan laifin, don tana nufin son rai ya yi yawa a cikin aikin har mutum na iya cin abinci da hasashensa. Kafin a yanke masa hukunci ya kuma yi zargin cewa wasu alƙalai sun karkatar da wasa na shida na 2002 don a kai ga na bakwai, tunda ƙarin wasa ƙarin kuɗi ne. Shi ba ya cikin waɗanda suka busa wasan. Stern ya ce maganar mai laifi ce da ke neman sassauci. Lauyan da NBA ta ɗauka, Lawrence Pedowitz, ya fitar da rahoto a 2008 cewa an yi kurakurai a wasan amma bai ga shaidar haɗin baki ba. Mutane da yawa ba su gamsu ba, saboda dalili mai sauƙi: wanda ake zargi ne ya ɗauki mai binciken ya biya shi.

Abin da NBA ta yi daga baya shi ne ya fi amfani gare mu. Tun 2015, duk wasan da aka yi kankankan a ƙarshensa, washegari sai ta fitar da takarda a kan minti biyu na ƙarshe, busa bayan busa, ta ce wannan daidai ne, wannan kuskure ne, a nan ya kamata a busa ba a busa ba. Takardar ba ta mayar wa kowa makinsa. Amma alƙalin da ya san gobe za a baje aikinsa a faifai, da sunansa, ba zai yi busa irin ta wanda ya san magana ta mutu a fili ba. Kuma tun da kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halasta cacar wasanni a 2018, ɓarnar ta koma kan 'yan wasa. A watan Afrilu na 2024 aka kori Jontay Porter na Toronto har abada, bayan an gano yana fita daga wasa da wuri da sunan rashin lafiya don waɗanda suka yi caca cewa ba zai taɓuka komai ba su ci. Abin da ya tona shi wani ne da ya zuba dala dubu 80 a kan ɗan wasan da ba kowa ya san shi ba. Shi ma lissafi ne ya kama shi, ba ihun 'yan kallo ba.

Mu dawo gida. A gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya an yi shekaru ana ɗaukar cin wasa a waje kamar abin al'ajabi. Kano Pillars ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba, daga 2003 har Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Ba na cewa an saya mata, ƙungiya ce mai ƙarfi da ta ɗauki kofi a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma ita ma in ta fita haka ake yi mata. Tsarin ne ya lalace. An daɗe ƙungiyar da ke gida ita ke sauke alƙalai, ta ciyar da su, ta ba su alawus, kuma magoya bayanta ne ke kewaye da filin da zai bi ya fita. Bahaushe ya riga ya gama magana: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin da aka yi wa wannan hidima ba sai an miƙa masa ambulan ba. Tsoro da kunya sun isa. A 2019 a Agege, bayan wasan Pillars da Enugu Rangers, 'yan kallo sun ɓarke cikin fili har alƙali ya gudu neman tsira, kuma irin wannan ya faru a filaye da yawa, kudu da arewa. Da aka zo gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa a farkon 2024, ba a ɗauki alƙali ko ɗaya daga Najeriya ba. Ko a Turai, lokacin korona a 2020 da aka riƙa wasa babu 'yan kallo, masu lissafi sun ga katin da ake ɗora wa baƙi ya ragu. Ashe ihu kaɗai na karkatar da hannun mutumin kirki, balle a haɗa masa da tuwo da masauki da barazanar duka.

Kakanninmu a ƙasar Gobir sun san wannan rauni na ɗan Adam, shi ya sa wasanninsu ba su jingina da bakin mutum ɗaya ba. A dambe, kisa a fili yake: hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, dubun mutane sun gani. In an yi turmi uku babu wanda ya faɗi sai a ce babu kisa, a raba, kowa ya koma da mutuncinsa. Ba a ba wani damar ya ce wane ya fi iya kai naushi don haka shi ya ci. Kokowa ma haka, kaye shi ne shaida. Da Nijar ta mayar da ita gasar ƙasa ta neman takobi a 1975 a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, sai aka shigo da agogo da gargaɗi da alƙalai masu usur, ga kuma kyautar miliyoyi da martabar jiha. A ganina daga nan gardama ke samun ƙofa, don duk karawar da ba ta ƙare da kaye ba ta koma hannun mai yanke hukunci. Ba ina cewa dambe da kokowa sun tsira daga haɗin baki ba, ɗan dambe na iya faɗuwa da gangan. Amma sai ya yi hakan a gaban makaɗinsa da mutanen garinsu, kuma wannan farashi ne mai tsada.

Yankinmu ya sha wuya a shekarun nan. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun ɗora wa wasu haraji, hanyoyin Isa da Sabon Birni da Shinkafi sun zama abin fargaba, har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannunsu a watan Agusta na 2024. Wani zai ce a irin wannan hali wa ke ta ƙwallo? Ni ina ganin yanzu ne ma ta fi muhimmanci. Ɗan filin da samarin gari biyu ke haɗuwa bayan la'asar yana cikin wurare kaɗan da suka rage inda yaron da ya taso yana ganin mai bindiga ne ke da gaskiya zai ga an yanke hukunci da doka, an ba mai rauni haƙƙinsa a kan mai ƙarfi. In ya zo nan ma ya tarar mai gari ko mai kuɗi ne ke ci, me muka bar masa?

Kuma kowa ya san yadda gasar ƙauye ke tafiya. Ɗan siyasa ko ɗan kasuwa ya sa kofi, da ƙungiyarsa a ciki. A ɗauko alƙali a kan kabu-kabun da mai masauki ya biya, ya ci abinci a gidan shugaban ƙungiyar, a ce sai an tashi za a sallame shi. Babu ɗan sanda, babu shinge, 'yan kallo na tsaye a kan layi da sanduna. Sannan ga sabon abu, cacar waya ta shigo aljihun yara. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca da dama a 2024, amma wadda ke cikin waya ba ta da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Yaron da ya saba zuba ɗari biyar a kan wasan Ingila ba zai daɗe ba ya gane cewa wasan unguwarsu ya fi sauƙin juyawa, tunda ya san gidan mai tsaron raga.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Kuɗin alƙali su fito daga asusun da dukan ƙungiyoyi suka zuba, a damƙa su hannun wani dattijo da ba shi da ƙungiya, a biya mutumin kafin ya sa ƙafa a fili, don kada sallamarsa ta rataya a kan sakamako. A ɗauko shi daga gari na uku, ya sha ruwansa a wurin da ba na kowa ba. Wanda ya sa kofi ya haƙura da sa ƙungiya, ko kuwa ya bar wa wasu shirya gasar. Garin da aka taɓa alƙali a filinsa ya rasa karɓar wasa har gasar ta ƙare, ko ɗan wane ne ya yi dukan. Bayan kowane wasa mai gardama kuma, kwamiti ya zauna da kyaftin biyu da alƙali, a faɗi a fili inda aka yi daidai da inda aka kuskure. Yanzu ba a rasa mai ɗaukar wasa da waya, shaida ba ta wuya. Wannan zaman ne zai raba alƙalin da ya yi kuskure, wanda ya cancanci a yi masa uzuri, da wanda kuskurensa kullum gefe ɗaya yake faɗawa. Su ma masu cewa an sayar sai a nemi su kawo abin da suka gani, don ɓata sunan malamin makarantar da ya zo busa wasa saboda Allah shi ma zalunci ne, kuma shi ke korar mutanen kirki daga aikin.

In kuwa ta tabbata an sayar, kada a tsaya a korar alƙali, a sake wasan. An taɓa yi a matakin da ya fi kowanne. A watan Nuwamba na 2016 Afirka ta Kudu ta ci Senegal 2 da 1 a wasan neman zuwa kofin duniya, bayan alƙali Joseph Lamptey na Ghana ya ba da fenareti a kan ƙwallon da ta bugi Kalidou Koulibaly a ƙafa. FIFA ta bi sawun kuɗin caca, ta kore shi har abada, ta soke sakamakon. Aka sake karawa a Polokwane a watan Nuwamba na 2017, Senegal ta ci 2 da nema, ta tafi Rasha.